Daga Allon Kwamfuta Zuwa Teburin Kasuwa: Nasiha Ga Yaranmu Masu Zane

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na ƙarshen wata, a zaman da aka keɓe domin matasa da sana'o'in zamani.





Kwamiti ya nemi mu yi magana a kan wata sana'a da ta shigo cikin yaranmu na Agege da Idi-Araba da Mile 12, har ma da na Sabon Ibadan da Shagamu, wato zanen hoto a kwamfuta ko a waya, sannan a buga shi a takarda a kai kasuwa. Mu dai 'yan kasuwa ne, goro da shadda da hatsi muka sani. Amma da aka ɗora mana wannan nauyi, sai muka zauna da yaran da ke wannan aiki, muka kuma je Shomolu wajen masu buga takardu muka yi tambayoyi. Abin da muka fahimta a taƙaice shi ne, hoton da ke cikin waya bai zama haja ba tukuna. Tsakaninsa da haja akwai gyara da awo da lissafi, kuma a wannan tsakanin ne kuɗin yaranmu ke zubewa.

INA CE KASUWAR?

Da farko bari mu yi wa iyaye bayanin inda ake kai waɗannan hotuna, domin da yawa daga cikinmu gani muke yi wasa ne kawai. Masu sha'awar littattafan labari na zane da finafinan katun suna da taron da suke yi shekara-shekara. A birnin San Diyego na Amurka an fara irin wannan taro tun 1970, kuma a 'yan shekarun nan mahalartansa kan haura dubu 100. A Tokyo ta Japan akwai wanda ake kira Comiket, an fara shi a 1975 da rukunin masu sayarwa 32 da 'yan kallo kimanin 700, yau kuwa sau biyu ake yinsa a shekara, mutane na zuwa dubban ɗaruruwa. A Afirka ta Kudu an fara Comic Con Africa a 2018. Mu ma nan Ikko muna da namu, wato Lagos Comic Con, wanda Ayodele Elegba ya assasa a 2012.

A irin wannan taro akan keɓe layi guda na masu zane. Kowa ya biya kuɗin tebur, ya baje hotunansa, masu so su zo su saya. In muka duba da kyau, kasuwar mako ce irin wadda muka sani, sai dai ita wannan 'yan kwanaki kaɗan take ci, in ta watse sai baɗi. Saboda haka wanda ya je da kaya maras kyau ba shi da damar cewa gobe zai gyara. Yawancin abin da ake sayarwa a layin nan hotunan jaruman da mutane suka riga suka sani ne, irin su Naruto da Spider-Man da Black Panther, mai zane ya zana su da hannunsa da irin salonsa. Wasu kuma suna kawo jaruman da suka ƙirƙira da kansu.

GYARAN HOTO KAFIN AWO

Ba wanda ke kai huhun goro kasuwa bai kwance shi ya tsince ba. Sai an fitar da mai sankara, an ware manya da ƙanana, an canza ganye. Haka ma hoto. Yaro ya yi zane hamsin, abokansa sun yi ta danna masa alamar yabo a Instagram, sai ya ɗauka duk hamsin ɗin haja ne. A'a. Ya zaɓi goma ko sha biyu waɗanda suka fi, sauran ya bar su a gida. Wanda ya yaba a waya kyauta ya yaba, amma wanda zai zaro kuɗi ya rataya hoto a bangon ɗakinsa kullum yana kallo, wannan idonsa daban ne.

Waɗanda suka ƙware a aikin sun gaya mana hanyoyi huɗu da suke bi su gano aibin hoto. Na ɗaya, su juya shi, dama ta koma hagu kamar a madubi. Ido yakan saba da karkataccen abu in ya daɗe yana kallonsa, amma da zarar an juya sai ka ga ido ɗaya ya fi ɗaya hawa, ko kafaɗa ta goce. Na biyu, su cire launi gaba ɗaya ya koma fari da baƙi. In jarumin ya ɓace cikin abin da ke bayansa, to haske da duhun hoton ba su rabu ba, kuma launi ba zai ceci wannan ba. Na uku, su ƙanƙanta shi ya zama kamar kan sarki, domin mai wucewa a taro daga nesa zai fara hango shi, in bai gane mene ne ba a kallo ɗaya ya wuce. Na huɗu, su faɗaɗa shi sosai su bi shi lungu-lungu, su share ɓurɓushin layi, su cike inda launi bai kai gefe ba, su ƙirga yatsun hannu. Ɗigon da ba a gani a waya, a takarda babba kamar ƙuda yake zama a kan farar riga. In an gama duk wannan, a bar hoton ya kwana, da safe a sake dubawa kafin a ce ya nuna.

MAGANAR AWO

To, nan ne muke roƙon matasa su buɗe kunne. Hoton kwamfuta 'yan ƙananan ɗigogi ne aka jera, su ake kira fikzal. Masu buga takarda suna son ɗigo 300 a kowane inci in ana so hoto ya fito tas. Takardar A4, wato irin wadda muke rubuta wasiƙar ƙungiya a kai, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta 297. Ke nan tana bukatar fikzal 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Takardar A3 kuwa, wadda ta ninka ta biyu, sai da 3508 da 4961. Shi kuwa hoton da aka yi domin Instagram mai fikzal 1080, in aka buga shi a kan wannan ƙa'ida, santimita 9 kacal zai ba ka, ko tafin hannu bai cika ba. In ka matsa sai ya cika A3, to zai fito dishi-dishi. Mudu ɗaya na gero ba ya cika buhu komai yadda ka girgiza shi.

Maganin abin shi ne, tun ranar da za a fara zane a buɗe shafi babba. Babba yana komawa ƙarami ba tare da ya lalace ba, ƙarami ne ba ya komawa babba. Kuma akwai wani sauƙi da Allah ya kawo: A5 da A4 da A3 duk siffarsu ɗaya ce, girma ne ya bambanta, don haka zane ɗaya da aka yi a ma'aunin A3 zai ba ka haja kala uku, kowa ya sayi daidai aljihunsa. Wannan kuwa ko da Photoshop yaro yake aiki, ko Procreate, ko Clip Studio Paint, ko ibisPaint na waya, ko Krita wanda ma kyauta ake samunsa, duk suna da inda ake sa wannan awo.

Sai kuma rarar gefe. Wuƙar da ke yanka takarda a maɗaba'a ba ta sauka daidai wa daida kullum, takan ɗan goce. Saboda haka ana ƙara wa hoto milimita 3 a kowane gefe, A4 ya zama 216 da 303, domin in an yanka kada farin layi ya fito a baki. Haka kuma kada a sa hannu ko fuska ko rubutu dab da gefe. Tela ma ai yakan bar rara a ɗinki.

LAUNIN FITILA DA LAUNIN TAWADA

Kukan da muka fi ji daga yara shi ne, "Baba, mai firinta ya ɓata mini hoto, ya fito da duhu." Wani lokaci laifin mai firinta ne, amma sau da yawa abin daga asali yake. Allon waya fitila ce, haske take fesowa, tana haɗa launuka uku, ja da kore da shuɗi, shi ne suke ce wa RGB. Takarda kuwa ba ta da fitila a cikinta, tawada huɗu ake zuba mata, shuɗi mai haske da ja mai ruwan hoda da rawaya da baƙi, shi ne CMYK. Akwai launukan da fitila ke iya fitarwa waɗanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba, musamman kore mai walƙiya da shuɗi mai ƙarfi da ruwan goro mai ƙuna. Duk wanda ya taɓa sayar da shadda ya san wannan magana. A cikin shago ƙarƙashin ƙwan lantarki launinta daban, shi ya sa mai saye mai wayo yakan ce bari ya fita da ita rana ya gani.

Abin yi a nan guda uku ne. A rage hasken allo lokacin aiki, kada a ƙure shi. A ɗan buɗe wuraren da suka yi duhu a hoton, domin a takarda za su ƙara duhu. Sannan a tambayi mai bugawa tun da wuri wane irin fayil injinsa ke so, domin wani zai ce a mayar CMYK, wani kuma zai ce a bar masa RGB injin ya juya da kansa. Kuma don Allah kada a tura hoto ta WhatsApp a matsayin hoto, matse shi yake yi ya zubar da ɗigogin da aka sha wahala a kansu. A tura shi a matsayin takarda, ko a kai shi a filashi, PDF ko TIFF ko PNG, a kuma ajiye asalin aikin a wuri biyu.

Babbar ƙa'ida kuwa ita ce gwaji. Kada wanda ya ba da umarnin buga hamsin bai ga ɗaya ba. A buga guda ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a fita da shi waje a duba da hasken rana, a koma gida a gyara, in ta kama a sake gwadawa. Gani ya kori ji. Wanda ya ƙi biyan kuɗin gwaji ɗaya don tsimi, shi ne ke dawowa da hamsin da ba su sayuwa. Wannan kuma yana nufin a fara shiri da sati uku ko huɗu, domin wanda ya je Shomolu ana gobe taro, abin da aka miƙo masa shi zai karɓa.

TAKARDA DA AJIYA

Takardar ofis mai gram 80 ba ta wannan aiki, laushi gare ta, mai saye yana taɓawa zai raina ta. A nemi mai kauri, gram 250 zuwa 300. Mai sheƙi tana fito da launi amma tana riƙe shatin yatsa tana kuma ɗaukar ido a ƙarƙashin fitila, maras sheƙi kuwa ta fi natsuwa, ta fi kuma daɗin sa hannu da biro. Ga mai buga kaɗan, ashirin ko talatin, injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta ya fi masa. Babban injin da sai an yi masa faranti, arhar sa ba ta fitowa sai za a buga ɗaruruwa.

Kada mu manta kuma da garin da muke zaune. Nan ba Kano ba ce, iskar Ikko danshi gare ta, takarda in ta sha shi sai ta kanannaɗe ko ta manne da 'yar'uwarta. Kowane hoto a sa shi a ledarsa da ɗan kwali a baya, a jera su a kwance cikin akwati, nesa da ƙasa da bango. 'Yan ƙullin nan da muke samu a kwalin sabon takalmi masu shanye danshi, a daina zubar da su, a jefa su cikin akwatin.

LISSAFI

Yanzu mun zo fagenmu. Yaro zai ce, "An buga mini kowane hoto a kan kaza, na sayar ninki uku, na ci riba." Bai ci ba tukuna. Bari mu yi misali, kuma misali ne kawai, kowa ya sa farashin ranar da zai saya. A ce tebur naira dubu 60, mota da abinci dubu 20, bugun hoto 60 a kan naira 1,500 kowanne dubu 90, leda da kwali dubu 10. Jimla dubu 180 ke nan. In yana sayar da ɗaya dubu 5, sai ya sayar da 36 kafin uwar kuɗi ta dawo. Na 37 shi ne farkon riba, kuma ba mu ma sa ladan dararen da ya yi yana zane ba. Wanda bai yi wannan lissafi a gida ba, a tebur zai yi ta ragi yana murna, ya dawo gida da asara.

Saboda haka shawararmu ita ce, a zuwan farko a buga kaɗan-kaɗan, biyar zuwa goma na kowane hoto. Gara kaya su ƙare mai saye ya bar lambarsa, da a dawo da su suna shan danshi. Yara biyu su haɗa tebur ɗaya in masu taron sun yarda, kuɗi ya ragu, kuma ɗaya ya tsare in ɗaya ya tafi salla. A rubuta farashi ɓaro-ɓaro, domin matashi mai kunya ba ya tambaya, wucewa yake yi. A tanadi ƙananan kaya masu arha kusa da hannu, manyan kuma a ɗaga su sama inda za a hango. A zo da canji da POS, kuma kada kaya su bar hannu sai an ga kuɗi sun shiga asusu da ido, hoton rasit a wayar mai saye ba shaida ba ce. A riƙe ɗan littafi ana rubuta abin da ya fita, shi ne zai faɗa maka abin da za ka ƙara baɗi. Sannan a miƙe tsaye a gai da mutane, kada a dunƙule a kan waya. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

HAƘƘIN MAI ABU

Akwai maganar da ba za mu tsallake ba. Naruto yana da mai shi, Masashi Kishimoto ne ya ƙirƙire shi. Spider-Man da Black Panther na kamfanin Marvel ne. Sayar da hotonsu a irin waɗannan tarurruka, akasari kawar da kai masu abin ke yi, ba izini suka bayar ba, kuma in sun ga dama suna iya hanawa. Mu ma nan ƙasar muna da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 wadda aka sa wa hannu a 2023. Don haka a karanta sharuɗɗan masu taro kafin a biya kuɗin tebur. Kada a ɗora takarda a kan zanen wani a bi layinsa a ce nasa ne, kada a kwaso aikin wani daga intanet a buga, kada a sa tambarin kamfani. Wasu tarurrukan sun hana hotunan da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ta haɗa, inda ma ba a hana ba, sayar da shi da sunan aikin hannu algus ne, kamar zuba tsakuwa a shinkafa.

Wannan ne ya kawo mu ga abin da muka fi so yaranmu su riƙe. A layin nan mutum ashirin za su zana Naruto. Nawa ne za su zana dokin hawan daba da kwalkwali da lifidi yadda yake? Nawa ne suka san zanen dagi da aska takwas, ko fasalin zanko a kan soro, ko Gizo da Ƙoƙi, ko Bayajida a bakin rijiyar Kusugu? Roye Okupe ya ɗauki tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau ya gina labarinsa na Malika a kai, duniya ta saya. A 2024 kamfanin Disney tare da Kugali sun fito da Iwaju, labarin da aka gina a kan wannan gari na Ikko. Ashe abin gida yana da kasuwa. A sa sanannun jarumai su jawo mutane teburin, amma a tabbata akwai naka na kanka a gefe, domin shi ne ba mai iya hana ka sayarwa, shi ne kuma zai sa a riƙe sunanka.

GA IYAYE

Mun san abin da ke ran wasunmu game da hukuncin zanen abu mai rai. Malamai sun yi saɓani a kai. Abin da muka ji a karatunmu shi ne malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda, wasu malaman kuma sun tsananta a duka biyun. Ba mu ne masu fatawa ba, ga malamai nan zaune, kowa ya kai tambayarsa. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, ga gine-gine da ƙofofin gari da zayyana da kasuwanni, duk ana saye. Abin da ba saɓani a kansa shi ne tsiraici, wannan kam ko nawa za a biya a bar shi.

In ɗanka ko 'yarka na da wannan baiwa, ka zauna ka ce a nuna maka, ka tambayi lissafin, ka haɗa 'yar da yayanta ranar taro. Kakanninmu da ƙafa suka zo Kurmi neman goro, ba su san yaren garin ba, amma sun san awo da amana, shi ya sa muke nan yau. Waɗannan biyun su ne za mu ba yaran nan, zanen kuwa sun fi mu sani.

A ƙarshe muna ba kwamiti shawara biyu. Ƙungiya ta duba yiwuwar biya wa yara biyu ko uku kuɗin tebur a matsayin rance, su mayar bayan taro. Sannan a zamanmu na wata mai zuwa, kowane mai zane ya zo da hoto ɗaya da ya buga na gwaji, a baje a nan, dattawa su duba da idon mai saye.

Allah Ya yi wa nemanmu albarka, Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.